Halojin, zenon ko LED: wane ƙwan fitila ya dace da a-kori-kurar da ke tafiyar dare a arewacin Kamaru?

Direban a-kori-kurar da ke tasowa daga Ngaundere bayan isha'i da nufin ya wayi gari a Garwa ko Marwa yana da abubuwa da yawa da zai yi ta zuba wa ido a gabansa: ramukan da damina ta bari a kwalta, garken shanun da ke tsallaka hanya, amalanken da ba shi da ko ƙyallen da zai nuna shi, babur ɗin da fitilarsa ta baya ta mutu, da babbar motar da ta lalace aka bar ta a kan titi da 'yan ganyaye a bayanta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yadda masu Hilux da Land Cruiser da L200 suke yawan zuwa wurin masu sayar da kayan gyara suna neman ƙwan da ya fi na kamfani haske. Abin da ake miƙo musu daga kanta ba ya wuce iri huɗu, wato halojin da aka inganta, halojin mai yawan wat, zenon da ake haɗawa da akwatinsa, da LED mai 'yar fanka a gindi. Kowanne yana da mai yabonsa a tasha. Sai dai abin da ya kamata a auna su da shi shi ne inda hasken yake sauka a kan hanya, da yadda ƙwan yake jure zafinmu da ƙurarmu da gargadar hanyoyinmu, domin lambar da aka buga a jikin kwali ba ta faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ya dace a fara da sanin nisan da ake buƙatar gani. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya tsakanin hango saniya da taka birki, ya riga ya ci mita 25, sannan birki mai kyau a kan busasshiyar kwalta zai buƙaci kusan mita 45 kafin motar ta tsaya cak. Mita 70 ke nan, kuma wannan lissafi ne na direban da bai gaji ba da motar da ba a danƙare ta da kaya ba. Fitilar kusa, wadda ake komawa gare ta idan wata mota ta tunkaro, ba kasafai take nuna baƙin abu a nisan da ya kai haka ba. A gudun kilomita 60 kuwa, nisan tsayawar ba ya kai mita 40. Canjin ƙwai yana iya ƙara wa direba wasu mitoci masu daraja, amma babu ƙwan da zai sa gudun 90 da fitilar kusa ya zama abin amincewa a hanyar da dabbobi ke bi.

Mafi yawan a-kori-kurar da ke aiki a yankinmu, har da waɗanda ke ƙetare gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, suna amfani da nau'in ƙwan halojin da ake kira H4, wanda ya fito tun 1971 kuma har yau bai bar kasuwa ba. Shi ne a yawancin Hilux ɗin da aka ƙera tsakanin 2005 da 2015, da Land Cruiser 79, da ƙananan samfuran motocin da suka biyo baya. Zare biyu ne a cikinsa, ɗaya mai wat 60 na fitilar nesa, ɗaya mai wat 55 na fitilar kusa, kuma a ƙarƙashin na kusan akwai ɗan murfin ƙarfe da ke tare hasken da zai tashi sama ya shiga idon mai tahowa. Bisa ƙa'idar Turai, idan aka ba shi volt 13.2, na nesa yana ba da lumen 1,650, na kusa kuma 1,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Wasu sababbin motocin sun raba aikin gida biyu, H7 ko H11 a kusa, HB3 a nesa, don haka kafin a fitar da kuɗi sai a zare tsohon ƙwan a karanta abin da ke rubuce a gindinsa. A duba volt ɗin ma, domin akwai tsofaffin Land Cruiser na dizil da wutarsu 24 ce ba 12 ba.

Abin da ya kamata a riƙe game da H4, wanda duk sauran maganar ta rataya a kansa, shi ne cewa madubin da ke cikin fitilar an lissafa lanƙwasarsa ne a kan wannan ɗan zaren, wanda tsawonsa bai wuce 'yan milimita ba, yana zaune a wuri ɗaya tak. Madubin ne ke tattara hasken ya jefa shi nesa, ya kuma yanke shi daga sama. Duk abin da aka sa a gurbin zaren, idan ya fi shi kauri ko ya goce daga wurinsa ko da milimita ɗaya ne, hasken zai tafi inda ba a aike shi ba.

Kafin a zo kan ƙwayayen kansu, akwai abubuwa biyu da suke cinye hasken tsohuwar mota, kuma sau da yawa su ne ainihin matsalar. Na farko gilashin fitilar ne. A motocin zamani roba ce mai ƙarfi da aka shafe da wani siririn rufi mai kare ta daga rana, kuma ranar Marwa da yashin da iska ke watsa mata ba sa barin wannan rufin ya daɗe, sai a ga fitilar ta yi ruwan ɗorawa ta dushe. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu a 2018, ta samu cewa wadda ta dushe sosai tana ba da kashi 22 cikin ɗari kacal na hasken sabuwa. Sa ƙwai mai ƙarfi a bayan irin wannan gilashin kamar ɗaga lagwanin fitilar ƙwai ne wadda hayaƙi ya baƙanta gilashinta: mai ne zai ƙare, ɗaki kuwa yana nan da duhunsa. Ana iya goge robar da samfefa mai laushi da ruwa, daga mai ɗan kaushi zuwa mafi laushi, amma dole a sake shafa mata rufin kariya, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ta koma yadda take. Idan kuma madubin ciki ne ya ƙone ko ya ɓare, babu gyara sai canjin fitilar gaba ɗaya.

Na biyu shi ne wutar da ke isa gindin ƙwan. Hasken halojin yana faɗuwa fiye da yadda wutar ke faɗuwa: idan volt ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, hasken yana raguwa da kusan kashi 30. A motar da ta sha aiki, wutar tana bin siraran wayoyin da suka tsufa, ta ratsa makunni da soket ɗin da suka yi tsatsa, ta koma ta wayar mas, wato wadda ake ɗaurewa a jikin mota, wadda ƙura ta shiga tsakaninta da ƙarfen, har a tarar altaneta tana ba da volt 14 amma abin da ke kai wa ƙwan bai wuce 12 ba. Mai gyaran wutar mota zai iya auna wannan da mitarsa cikin ɗan lokaci, inji na aiki fitila na kunne, ya gwada bakin batir ya gwada bakin soket. Idan bambancin ya doshi volt ɗaya, maganinsa rile ne, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, da waya mai kauri da fis, yadda wutar za ta taso kai tsaye daga batir, makunnin sitiyari kuma ya zama mai ba da umarni kawai. Wannan aikin ba shi da tsada, kuma yakan dawo da hasken da mai mota ya manta motarsa ta taɓa yi. Akwai abin lura guda biyu. Ƙarin volt yana rage kwanan ƙwai, domin ƙarin kashi 5 cikin ɗari yana kusan raba rayuwarsa biyu. Sannan a Toyota da yawa makunnin fitila ɓangaren mas yake yankewa, ba ɓangaren wuta ba, saboda haka wayarin da aka sayo a haɗe dole ya zama wanda ya dace da wannan tsarin.

To, idan gilashi ya yi garau kuma wuta na isa, zaɓi mafi sauƙi shi ne halojin da aka inganta, irin su Night Breaker na Osram, ko X-tremeVision da RacingVision na Philips. Wat ɗinsu bai canja ba, 60 da 55 ne, don haka ba sa wahalar da waya ko soket, kuma zarensu yana zaune daidai inda madubi yake jiransa. An siranta zaren, an matse naɗinsa, an kyautata iskar da ke cikin ƙwan, sai ya fi yin zafi ya fi yin fari, madubi kuma ya fi iya tattara haskensa. Lambobin +150 ko +200 da ke jikin kwalinsu ba suna nufin haske ya ninka uku ba. Kwatanci ne da mafi ƙarancin hasken da ƙa'idar Turai ta yarda da shi a wasu wurare na kan hanya. Duk da haka ƙarin na gaske ne, ido yana ganinsa, kuma yana zuwa ba tare da an cutar da mai tahowa ba. Inda suke da rauni shi ne ƙarko. Sau da yawa rabin kwanan ƙwan kamfani suke yi, kuma siririn zare ba ya son girgiza. Wanda yawan tafiyarsa a kwaltar Garwa zuwa Figil zuwa Marwa ce zai ji daɗinsu. Wanda kuwa kullum yana cikin gargadar ƙauyuka yana kwaso gyaɗa da masara zuwa kasuwar Ngong ko Pitowa, zai fi samun kwanciyar hankali da masu dogon kwana irin su Ultra Life ko LongLife EcoVision, ko da haskensu bai kai na waɗancan ba.

Ƙwan halojin da aka rina gilashinsa shuɗi gaba ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani. Rinin yana tare wani kaso na hasken da zaren ya fitar, abin da ya rage sai ya yi fari a ido amma ya ragu a kan hanya.

Halojin mai wat 100 da 90 kuwa yana da farin jini saboda araha, kuma gaskiya ne ya fi na kamfani haske. Amma inda ƙwan wat 60 ke jan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) kusan biyar, shi kusan takwas yake ja, ta cikin wayar da ba a yi ta don haka ba. Sakamakon da masu gyara suka saba gani shi ne soket ya narke, makunni ya ƙone, madubin roba ya yi baƙi daga saman ƙwan, kuma wannan ɓarnar ba ta komawa. Manyan kamfanonin da ke yin sa ma suna rubutawa a kwali cewa ba na kan titin jama'a ba ne. A tsohuwar mota mai fitilar gilashi da madubin ƙarfe, tare da rile da soket na tangaran, yana iya daɗewa, amma a Hilux mai fitilar roba ban ga dalilin da zai sa a ƙona fitila mai tsada saboda ƙwai mai araha ba.

Zenon, wanda ya fara fitowa a motar BMW a 1991, ba shi da zare. Tartsatsin wuta ne ke tsallaka tsakanin ƙarafa biyu a cikin iska, kuma akwatin da ke tare da shi sai ya tayar da volt sama da dubu ashirin kafin ya kama. Na asali mai wat 35 yana ba da lumen kusan 3,200, wato ya ninka fitilar kusa ta H4 sau uku da ƙarancin cin wuta. A motar da aka ƙera da shi abu ne mai kyau ƙwarai, kuma saboda ƙarfinsa ne dokar Turai ta wajabta cewa duk fitilar kusa da ta wuce lumen 2,000 sai an haɗa ta da abin wanke gilashi da na'urar da ke daidaita tsayinta da kanta. Wanda ake sayarwa a kwali don a cusa shi a gurbin H4 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tartsatsin ya bambanta da zare a siffa da wurin da ya fi haske, sai madubin ya watsa shi sama da gefe. Direban yana ganin gabansa ya yi fari fat a mita ashirin na farko, idonsa ya saba da wannan farin, nesa kuma ta ƙara yi masa duhu. Ga shi yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya kai cikakken haske, ga ɗan maganaɗisun da ke motsa shi tsakanin kusa da nesa yana saurin maƙalewa idan ya sha girgiza. Masu lambar launin haske 8000K zuwa sama, masu shuɗi ko shunayya, sun ma fi na 4300K ƙarancin haske. Ban ga wanda zan ba shawarar wannan ba, sai wanda zai canja fitilar gaba ɗaya zuwa mai ƙwallon gilashi a gaban ƙwan mai tattara haske, wadda aka yi don zenon.

LED shi ne abin da kowa ke tambaya yanzu, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani, domin a cikinsa akwai mai kyau sosai akwai kuma mai cutarwa, duk a kanta ɗaya. Amfaninsa a fili yake. Yana kamawa nan take, sau da yawa ba ya cin ko rabin wutar halojin, ba shi da zaren da gargada za ta tsinka, kuma nagari yakan fi halojin haske nesa ba kusa ba. Matsalarsa ita ce wadda aka ambata tun farko: zare yana haskawa ta ko'ina, shi kuwa LED 'yan ƙwayoyi ne da aka manna a fuska biyu na wani faifai. Idan faifan siriri ne, ƙwayoyin ƙanana ne, an jera su daidai tsawon zaren da wurinsa, kuma akwai ɗan murfin da ke kwaikwayon na H4, madubi zai karɓe shi kusan kamar halojin. Idan faifan mai kauri ne, ko ƙwayoyin manya ne, ko an zagaye shi da su ta fuska huɗu ko shida kamar yadda ake yi wa masu araha, to haske zai cika ko'ina ban da inda ake nema. Ƙasar Jamus ba ta yarda a sa irin wannan ƙwan a gurbin halojin ba sai a 2020, kuma ko a lokacin, ƙwan LED na Osram mai gindin H7 ta amince da shi a kan jerin motocin da aka gwada fitilarsu ɗaya bayan ɗaya. Darasin da ke ciki shi ne ƙwai ɗaya yana iya dacewa da fitilar wata mota ya ƙi ta wata, ko da gindinsu iri ɗaya ne. Wajen sawa ma akwai ƙa'ida: ƙwayoyin su kalli dama da hagu, kada su kalli sama da ƙasa.

Sai maganar zafi da ƙura, wadda ita ce ta fi shafarmu. Halojin ba ya tsoron zafi, da shi yake aiki. LED kuwa da zarar ya yi zafi haskensa yana raguwa, kwanansa yana gajarta, shi ya sa ake yi masa fanka ko fikafikan alminiyom a baya. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a Garwa da Kuseri da Njamena kuma dare ba ya sanyi sosai, iskar da wannan fankar ke ja daga kusa da injin dizil mai zafi ce tun asali, saboda haka hasken da aka gani a minti na farko a gaban shago ba shi ne za a gani bayan awa ɗaya a hanya ba. Fankar kanta tana shan ƙura har ta tsaya, kuma ranar da ta tsaya ƙwan ya kama hanyar mutuwa. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ake cire murfin robar da ke bayan fitila, ko a yanka shi, saboda gindin LED ya ƙi shiga. Wannan murfin shi ne ke hana ƙura da ruwa shiga, kuma idan jar ƙurar burji ta kwanta a kan madubin ciki ba a iya goge ta ba tare da an kankare shi ba. Mutum sai ya sayi haske na wata uku ya rasa fitilarsa. Duk LED ɗin da ba zai zauna tare da murfin a rufe ruf ba, a bar shi a kanta.

Game da lambobin da ake bugawa, lissafi kaɗan ya isa. LED na mota a aikace yana ba da lumen wajen ɗari a kowane wat. Wanda ke jan amfiya biyu a volt 13 yana cin wat 26 ke nan, haskensa kuma yana wajen lumen dubu biyu da rabi. Kwalin da ya ce dubu ashirin yana da'awar abin da sai an ci wat wajen ɗari biyu kafin a same shi, kuma babu 'yar fankar da za ta iya sanyaya wannan. Manyan kamfanoni ƙananan lambobi suke rubutawa, kuma wannan alama ce ta gaskiyarsu. Wasu masu arahar kuma suna sa rediyo ƙara, wasu suna ƙin kamawa ko su hana alamar fitilar nesa fitowa a Toyota saboda tsarin wayarin da aka ambata.

Launin haske ma yana da muhimmanci a ƙasar da hazo ke rufewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Halojin yana wajen 3200K, mai ɗan ja-ja, yawancin LED kuma 6000K zuwa 6500K ne, fari mai sirkin shuɗi. Idan iska ta cika da ƙura, ko ana bin bayan motar auduga a kan burji, duk hasken da ya tashi sama yana dawowa idon direba, kuma farin mai shuɗi ya fi gajiyar da ido ya fi kuma damun mai tahowa. Dattawan direbobi suna tuna Peugeot 404 da 504 masu fitila ruwan ɗorawa, gadon dokar Faransa da ta yi aiki daga 1937 zuwa 1993. Launin shi kaɗai ba ya huda ƙura, amma yana sauƙaƙa wa ido a doguwar tafiya, don haka idan za a sayi LED, na 4300K zuwa 5000K ya fi dacewa da mu. A cikin hazo mai kauri kuwa abin da ke taimako shi ne fitilar kusa mai yanke haske sarai daga sama, da rage gudu.

Akwai wani abu da ya keɓanta da a-kori-kura, wato kaya. Ana saita fitilar kusa ta sunkuya da kashi ɗaya ko ɗaya da ɗigo cikin ɗari, kuma ana rubuta adadin a jikin fitilar. Kashi ɗaya yana nufin santimita 10 a kowace mita 10. Tsakanin tayar gaba da ta baya ta Hilux ya ɗan wuce mita uku, don haka idan buhunan albasa ko masakwa suka danne bayan motar da santimita biyar kawai, hancinta ya ɗaga da sama da kashi ɗaya da rabi, wato sunkuyon ya tafi gaba ɗaya, fitilar kusa ta koma cikin idon jama'a. Da halojin wannan abin damuwa ne, da LED ko zenon kuwa haɗari ne. Ɗan acaɓan da aka dallare wa ido a kan gadar Binuwai ko a ƙwanar gangaren Mbe ba ya ganin gefen hanya, ba ya ganin rami, kuma inda zai faɗa sau da yawa gaban motar da ta makantar da shi ne. Direban tirelar da aka kashe wa ido shi ma ramawa yake yi da nasa fitilun, sai a haɗu biyu babu mai gani. Motocin da ke da ɗan maballin sauke fitila kusa da sitiyari, a riƙa juya shi duk lokacin da aka yi lodi. Waɗanda ba su da shi, a saita fitilar da irin kayan da aka saba ɗauka.

Gwajin da zai raba gardama ba ya buƙatar komai sai bango da fili mai daidai. A tsayar da motar mita 10 daga bangon bayan magariba, a auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, a ja layi a bangon a wannan tsayin. Da fitilar kusa, ya kamata a ga haske ya yanke sarai kimanin santimita 10 zuwa 13 a ƙarƙashin layin, sama duhu, sannan ɓangaren dama ya ɗan hau don haska gefen hanya, tunda a Kamaru da Cadi dama ake bi. A sa sabon ƙwan a gefe ɗaya a bar tsohon a ɗaya, a riƙa rufe ɗaya ana duba ɗaya. Idan wannan yankewar ta ɓace, ko haske ya fantsama sama da layin, ko wurin da ya fi haske ya sauko ƙasa maimakon ya zauna dab da inda hasken ya yanke, ƙwan bai dace da wannan fitilar ba komai sunansa. Ya kamata a yi wannan sharaɗin da mai shago tun kafin a biya. Gwajin yana tona wani abu kuma: fitilun gwanjo da aka ciro daga motocin Tailan ko Japan ko Afirka ta Kudu, inda hagu ake bi, hawansu ta hagu yake, wato cikin idon mai tahowa, kuma babu ƙwan da zai gyara wannan.

Wanda ainihin buƙatarsa ganin nesa ce a daji, kamar mai bin hanyar Ngaundere zuwa Tuboro zuwa Mundu inda ake daɗewa ba a gamu da mota ba, ya fi masa ya bar fitilar kamfani yadda take ya ƙara fitilun nesa guda biyu a kan bamba. Su an ƙera madubinsu tare da LED ɗinsu, a rufe suke ruf, kuma suna kai haske inda babu ƙwan H4 da zai kai. Sharaɗin shi ne a haɗa su ta rile da fitilar nesa, yadda da zarar an sauke ta su ma za su mutu, a kuma ba su makunni na daban don a kashe su a gari. Doguwar sandar LED da ake ɗorawa a saman rufi tana haska bonet da ƙurar da ke gaban gilashi, don haka ƙasa ta fi mata.

Jabu ya yi yawa a kowane iri, har alamar E mai lamba a cikin da'ira, wadda ke nuna amincewar Turai, ana kwaikwayonta. A dubi zaren ko a miƙe yake, a dubi haɗin gindin ko tsaf yake, a yi shakkar Osram ko Philips ɗin da kuɗinsa ya yi daidai da na marar suna, a kuma saya wurin wanda za a iya komawa gare shi. Ana canja ƙwayaye biyun ne tare, kuma ba a taɓa gilashin halojin da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima har ya kumbura.

A ganina, mai a-kori-kura mai H4 da madubi, wanda shi ne mafi yawanmu, ya fara da gilashi da rile da saiti, sannan ya sa halojin ingantacce na gaske. Wannan haɗin ya fi araha, ya fi aminci, kuma yakan wadatar. Mai sabuwar mota da fitilar kusa mai ƙwallon gilashi, inda wani faranti ne a ciki ke yanke hasken, yana da damar gwada LED na kamfani sananne, domin irin wannan fitilar ta fi haƙuri da shi, muddin ya ci gwajin bango kuma murfin baya ya rufu. Mai motoci da yawa da ke ba direbobi su yi ta zirga-zirga tsakanin kasuwanni ya tsaya a kan halojin mai dogon kwana da fitilun ƙari, saboda sauƙin kulawa. Wanda duk ya koma LED, ya ajiye tsofaffin ƙwayayensa na halojin a cikin mota a naɗe da ƙyalle, kuma kada ya yarda a yanke soket ɗin asali wajen haɗawa, domin idan LED ya mutu a tsakanin Gider da Kaele da tsakar dare ba a gyara shi a bakin hanya, H4 kuwa ana mayar da shi da hannu cikin 'yan mintoci.